Abin da Kowa Ya Sani a Gidanmu

Ni ne auta a ɗakinmu. An haife ni a cikin birnin Kano, a gida irin na da mai zaure da soraye. Baba ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, Umma kuma tana koyar da yaran unguwa karatun allo a tsakar gida. Ba zan faɗi unguwa ba, ba zan ambaci sunan kowa ba. Ni namiji ne da zuciyarsa ke karkata ga maza. Na kusa shekara 40 a duniya, amma mutanen da na taɓa gaya wa wannan da bakina, da Hausa, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Tun ina firamare na san 'yan daudu, kamar yadda kowane yaron Kano ya san su. A bakin tasha suke, suna suyar kaji da dafa shinkafa, zani ɗaure a ƙugu, suna tafa hannu suna zuba habaici. Direbobi na cin abincinsu suna tsokanarsu, matan unguwa na aika yara su sayo, in biki ya tashi wani lokacin su ake kira su riƙe tukunya. Ana yi musu dariya, ana zaginsu, amma dai kowa ya san inda ya ajiye su. Ni kuwa ban ga kaina a cikinsu ba. Ina buga ƙwallo a layi, muryata irin ta kowa, tafiyata irin ta kowa. Da na fara balaga na ga abokaina sun tsunduma zancen 'yan mata ni kuma hankalina yana wani wuri, sai na rasa inda zan ajiye kaina. Abin da na sani kawai shi ne wa'azin mutanen Annabi Luɗu, wanda ke magana a kan aiki, ni ko ban aikata komai ba. Yaro ne ni ɗan shekara 14 mai kuka a kan sallaya.

A wannan shekarar ce, 2000, aka ƙaddamar da shari'a a Kano, bayan Zamfara ta fara. Na je taron tare da yayyena, na yi kabbara da zuciya ɗaya. Bayan haka 'yan daudun tasha suka fara raguwa, wasu suka bar gari, wasu suka koma sa doguwar riga da hula suna sayar da abincinsu shiru. Ni kuma na ɗaura aniyar gyara kaina. Azumin Litinin da Alhamis na riƙe shi shekaru. Na sha rubutu. Na je wajen mai ruƙya na ce masa ina fama da mugayen mafarkai, ya yi mini tofi ya ba ni man habbatussauda. A gida ana ta sa mini albarka, wai autan Umma ya zama ustazu. Ba wanda ya tambayi abin da ke tuƙa ni.

Wahalar gaske ta zo ne bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa. Na sami aiki, na sayi babur, sai maganar aure ta taso. Baba ya zaɓa mini 'yar ƙanwarsa, yarinya mai hankali da muka tashi tare. Aka kai kuɗin gaisuwa. Ina zuwa zance ranar Juma'a da yamma, mu zauna a zaure, ita tana lissafin kayan ɗaki ni ina kallon tabarma. Na yi istihara har na gaji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu magidanta da na sani, masu irin halina, da suka yi auren don a rufe bakin mutane. Matansu na yawon gidajen malamai suna neman maganin mallaka, suna zargin kansu, suna zargin kishiyar da babu ita. Na ce ba zan jefa 'yar'uwata cikin wannan ba. Na samu Baba a ɗakinsa bayan sallar isha'i na ce a yi haƙuri, ba zan iya ba. Ya ce saboda me. Na ce haka nan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Ya daina amsa gaisuwata na tsawon lokaci. Zumunci tsakaninsa da ƙanwarsa ya yi tsami. Dangi suka yi ta hasashe: wasu suka ce asiri aka yi mini, wasu suka ce lalura ce irin ta maza, har wani kawuna ya kawo mini garin magani a ƙullin leda ya ce in dinga sha da madara. Na karɓa na yi godiya. Lalura ta fi mini sauƙin ɗauka a matsayin suna. A wannan tsakanin ne gyambon ciki ya kama ni, barci ya ƙaurace mini, na rame har wando na zamewa. Likita ya duba ni ya ce, "Malam, akwai abin da ke damunka?" Na ce aiki ne.

A watan Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. Ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ɗaura irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya shiga ƙungiya ko ya tallafa mata, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ni ban taɓa sanin wani a Kano da ke neman a ɗaura masa aure da namiji ba. Abin da dokar ta canza a rayuwarmu shi ne ta sa maganar ta dawo bakin kowa, a teburin mai shayi, a rediyo, a ofis. A cikin watan ne jama'a suka yi ta jifan wata kotu a Bauchi da duwatsu, inda ake shari'ar wasu maza da aka zarga, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Muna cin abincin rana a ofis ana ba da labarin, wani abokin aikina ya ce da yana wurin da shi zai fara jifa. Mutumin kirki ne, shi ya kai ni asibiti lokacin da cikina ya tashi. Na ci gaba da cin shinkafata.

Bayan wasu shekaru abin da nake tsoro ya same ni. Na saba da wani a Facebook, muka yi ta hira, ya ce in zo mu gaisa. Da na isa ɗakin sai ga wasu matasa sun shigo da gora. Suka ƙwace wayata, suka ɗauke ni bidiyo suna tilasta mini in faɗi sunana da na mahaifina da abin da nake. Ka ga karo na farko da maganar ta fita daga bakina, da gora a kaina ta fita. Suka kwashe abin da ke asusuna, kuma duk ƙarshen wata sai sun kira. A kudu ana ce wa wannan tarko kito, kuma ya zama sana'a, don masu yin sa sun san wanda suka kama ba shi da inda zai kai ƙara. Wa zan gaya wa? In ce an yi mini me, a ina, garin yaya? Na sayar da babur, na canza layi, na dage neman gurbin karatu a waje kamar wanda ake bi da wuƙa. A 2018 na tafi Manchesta yin digiri na biyu.

Don in biya kuɗin haya na kama aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma har yau a wannan fannin nake. A makon farko, muna shan shayi lokacin hutu, wani ma'aikacin jinya, Bature mai furfura, yana ba da labarin ƙarshen mako ya ce mijinsa ya ƙona musu abinci. Na ɗauka kunnena ne. Na dubi sauran, wata tana juya cokali a kofi, wata ta ce ai nata mijin ma haka yake, aka wuce zuwa zancen tsadar wutar lantarki. Ni kaɗai gabana ke faɗuwa. Sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Ba murna na ji ba, tsoro na ji a madadinsa, kamar wani zai shigo yanzu da gora. Daga baya wani abu mai kama da hassada ya biyo.

Da farko na zaci Turawa haka Allah ya yi su, ba su da kunyar wannan magana. Wani tsoho da nake kula da shi ne ya warware mini. Ya haura shekara 85, yana da hoton wani mutum a kan durowar gefen gadonsa, kullum da safe sai ya sa na goge masa gilashin. In an tambaye shi sai ya ce, "Abokina ne, mun yi zaman gida ɗaya." 'Yar ɗan'uwansa ce ta gaya mini sun fi shekara 40 tare har mutuwa ta raba, kuma duk dangi sun sani, amma bai taɓa kiran abin da wani suna ba. Lokacin da yake saurayi laifi ne a Ingila, ana ɗaure mutane a kai. Sai a 1967 aka sassauta dokar. Daga 1988 zuwa 2003 akwai dokar da ta sa malaman makaranta da yawa ke tsoron ko ambaton maganar a aji. Auren ma sai a watan Maris na 2014 aka fara ɗaurawa, wata biyu bayan tamu dokar. A tsakiyar Manchesta akwai mutum-mutumin Alan Turing zaune a kan benci, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu. A Knutsford, kusa da garin nan, aka hukunta shi a 1952 saboda alaƙarsa da namiji. A 2021 aka sa hotonsa a takardar fam 50. Wato sakin bakin da na gani a ɗakin shayi bai girmi mutum guda ba, kuma tsohon nan da ya ga duka zamanin biyu bakinsa bai taɓa sakuwa ba. Yana magana ne irin ta mutanen gidanmu. Na ƙaunace shi sosai. Ban taɓa gaya masa komai ba, amma wata rana ina ɗaura masa maɓallin riga ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ma ka iya yin shiru."

Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da tsofaffi suka yi ta mutuwa a Kano ana tsakiyar korona. Ba jirgi, ba hanya. Ta waya na yi ta'aziyyar mahaifina. Kafin nan mun shirya, yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka, amma tambayar da ya yi mini a daren nan bai sake yi ba, ni ma ban amsa ba.

A watan Maris na 2021 aka yi ƙidayar jama'a a Ingila da Wales, kuma karo na farko aka sa tambaya a kan wanda zuciyar mutum ke karkata gare shi. Ba dole ba ce, in ka so ka tsallake. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle, kwamfuta a cinyata, na san ba wanda zai ga amsata. Na kai hannu na janye, na tashi na yi alwala, na dawo. Na tsallake. Da sakamako ya fito, kusan mutum miliyan 1.5, kashi 3.2 cikin 100 na 'yan shekara 16 zuwa sama, sun bayyana cewa ba sa cikin masu sha'awar kishiyar jinsi kawai. Kashi 7.5 ba su amsa ba. Kowa da dalilinsa, na sani, amma ina cikinsu, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne mai irin dalilina.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. Akwai irin nasu matsin. Na je wani zama na masu irin halina, wani saurayi ya tambaye ni ko iyayena sun sani, na ce a'a, sai ya dube ni da tausayi ya ce ai sai na fito fili zan zama mutum cikakke. Shi da ya gaya wa mahaifiyarsa, kuka ta yi na kwana ɗaya ta rungume shi. Ni in na fito fili, 'ya'yan yayyena mata ne za su rasa manema, Umma ce za ta daina zuwa suna da biki. Da lokacin salla ya yi na nemi wuri, wani ya ce yana mamakin yadda har yanzu nake bin addinin da bai yarda da ni ba. Ban koma ba. Ni Musulmi ne, na san abin da malamai suka faɗa, ban zo nan don in ba da fatawa ko in canza hukunci ba. Tsakanina da Ubangijina akwai maganar da ba ta ƙare ba, kuma ba zan daina tsayawa a gabansa don wani ya ji daɗi ba.

Akwai kuma waɗanda dole ce ke sa su faɗa. Ina da aboki daga wata ƙasar Afirka da ya nemi mafaka. Tun 2010 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa ba za a mayar da mutum ƙasarsu a ce ya je ya ɓoye halinsa don ya tsira ba. Hukunci ne mai kyau, amma kafin ka amfana sai ka gamsar da jami'i cewa da gaske kake. Mutumin da ya shekara 30 yana goge duk wata alama, yanzu ana ce masa kawo hujja, yaushe ka fara ji, wa ka sani, ina hotuna. Ya ce mini ranar hirar bakinsa ya bushe har sai da aka ba shi ruwa. Ni Allah ya rufa mini asiri, da takardar aiki nake zaune.

Hausawan Manchesta kuwa ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Muna haɗuwa a masallaci, a walimar suna, a shagon da ake sayar da daddawa da kuka. Abin da aka faɗa a nan da azahar, kafin la'asar ya isa Kano ta WhatsApp. Saboda haka rayuwata kashi biyu ce. A wurin aiki mutum biyu sun sani, kuma da Turanci na gaya musu, ya fita sumul kamar ina ba da labarin wani. A cikin 'yan'uwana Hausawa ni ne tuzurun da ake tsokana, "Malam, sai yaushe za mu sha biki?" in ce sai Allah ya kawo.

Bayan rasuwar Baba nauyin ya yi mini yawa, har likita ya tura ni wajen mai ba da shawara kan damuwa. Ita ce ta tambaye ni ko a cikin dangi akwai wanda nake jin zan iya gaya wa. Na ce Yaya, babbar ɗakinmu, wadda ta goya ni. Na daɗe ina shiri. Wani dare na kira ta bayan na tabbata maigidanta ya fita, muka gaisa, na tambayi yara, sannan na ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in gaya miki, game da dalilin da ya sa ban yi aure ba."

Ta yi shiru. Ina jin ƙarar fanka a ɗakinta. Sai ta ce, "Auta, tsaya. Kada ka faɗa."

Na ce, "Yaya, ai ba ki ji ba tukuna."

Ta ce, "Ni na goya ka. Kana tsammanin akwai abin da zan ji yau wanda ban sani ba tun kana sakandare? Amma in ka faɗa, na zama wadda aka gaya wa. In maigidana ya tambaye ni, ko in yi ƙarya ko in tona maka asiri. In Umma ta tambaye ni, haka. Yanzu kuwa in an tambaye ni sai in ce ban ji daga bakinsa ba, kuma gaskiya na faɗa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka riƙe sallarka, ka kiyaye kanka, ina yi maka addu'a."

Na ce, "Umma fa?"

Ta ce, "Ka taɓa jin ta sake yi maka maganar aure tun da ka tafi?"

Ban taɓa ji ba. Sai a lokacin na lura.

Na kashe wayar ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Na so a ce sau ɗaya a rayuwata na faɗi maganar da harshen da nake mafarki da shi, ga wanda nake ƙauna, ba da gora a kaina ba. Yaya ta hana ni wannan. Da na gaya wa mai ba ni shawara, ta ce abin baƙin ciki ne, an ƙi karɓata. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa ba haka ba ne. A wurinmu sani daban, faɗa daban. Wanda ya sani yana iya kawar da kai ya ci gaba da zuba maka tuwo, amma wanda aka gaya wa ya zama shaida, sai ya ɗauki mataki ko ya zama abokin laifi a idon jama'a. Yaya ta zaɓi hanyar da za ta riƙe ni ba tare da ta saki mijinta da addininta da mutuncinta a unguwa ba. Ban ce wannan hanya ba ta da tsada ba. Ita ce ta sa na shekara ina shan garin maganin kawu, ita ce ta sa waɗancan matasa suka ci kuɗina ba mai tsawata musu, don shirun da ke rufa asiri shi ne kuma mafakar mai cuta. Har yau ban gama yanke wa kaina hukuncin wanne ya fi yawa a cikinsa ba, rahama ko zalunci. Na ga duka biyun a jikina.

Gyambon cikin ya lafa, ina barci yanzu. Ina kiran Umma duk Juma'a, mu yi hirar ciwon ƙafarta da farashin gero, ta ce Allah ya tsare mini kai a duk inda kake. Na je gida hutu, na yi sati biyu, na ziyarci kabarin Baba, ban kwana ko'ina ba sai ɗakin da na tashi a ciki.

Watannin baya Yaya ta kira ni da kanta, abin da ba ta saba ba. Babban ɗanta ya sami gurbin karatu a wata jami'a kusa da nan. Maigidanta ya so a kama masa ɗaki a makaranta, ita ta ce a'a, wajen kawunsa zai zauna. Na ce, "Yaya, kin yi tunani? Yaron nan ba yaro ba ne, yana da ido, zai ga irin mutanen da nake hulɗa da su, zai ji yadda ake magana a nan." Ta ce, "Wa zan ba amanarsa in ba kai ba? Ka dai tabbatar yana tashi sallar asuba." Yana zuwa a watan Satumba. Ɗakina ɗaya ne, don haka yanzu gida mai ɗaki biyu nake nema kusa da layin bas, kuma haya a garin nan ta yi tashin da sai na ƙara karɓar aikin dare.